Yadda malamin karkara zai fahimtar da ɗalibai dalilin ɗage tashin kumbo

Malamin kimiyya a ƙauyukan Ringim ko Gumel yakan sha tambaya idan ɗalibai suka ji a rediyo cewa an sake ɗage tashin kumbon da zai ɗauki 'yan sama-jannati. Ya fara da tantance musu ko yanayi ne ya hana tashin ko kuwa na'ura ce ta samu matsala, domin hadari da iska sukan wuce cikin kwana ɗaya, amma gyaran na'ura yana iya cin makonni.

Daga nan sai ya kawo misalin kumbon Starliner na kamfanin Boeing. An dakatar da tashinsa ranar 6 ga Mayun 2024 saboda wani bawul na rokar, daga baya aka gano iskar hiliyam tana zurarewa, aka sake dakatarwa ranar 1 ga Yuni, kafin ya tashi ranar 5 ga watan. Duk da haka ƙananan injinan da ke juya shi sun ba da matsala, har hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta dawo da shi ba kowa a ciki, 'yan sama-jannatin da ya ɗauka kuwa, Butch Wilmore da Suni Williams, ba su dawo ba sai a watan Maris na 2025.

A ganina wajibi ne ya ambaci kumbon Challenger, wanda aka harba cikin tsananin sanyi ranar 28 ga Janairun 1986 duk da gargaɗin injiniyoyi, ya tarwatse bayan daƙiƙa 73, mutum bakwai suka rasu. Idan kuma zai bibiyi sabon lokacin tashi tare da ɗalibansa, ya tuna cewa agogon Najeriya yana gaban na Florida, jihar Amurka da aka harba waɗannan kumbuna daga cikinta, da awa 5 ko 6, gwargwadon watan da ake ciki.