Darasi na Bakwai: Kwalba Uku, Bitamin Ɗaya

Mutum ne yake shan ƙwayar haɗin bitamin da safe, man hantar kifi da rana, da dare kuma maganin ƙarfin ƙashi. A ganinsa magani uku yake sha, tunda sunayensu da launin kwalabensu ba ɗaya ba ne. Da zai juya bayan kwalaben ya karanta, zai iya tarar da bitamin D a duka ukun, bitamin A kuma a biyu.

Bitamin C yana narkewa a ruwa, jiki na fitar da yawancin rararsa ta fitsari. A, D, E da K kuwa a kitse suke narkewa. Ba sa fita da sauƙi, taruwa suke yi a hanta da kitsen jiki, yau kaɗan gobe kaɗan.

Iyakar bitamin D ga babban mutum a rana ita ce IU 4,000 (IU ma'auni ne da ake rubutawa a jikin kwalba). Wanda ya daɗe yana zarce ta, sinadarin kalsiyam na iya yi masa yawa a jini: ƙishirwa, yawan fitsari, tashin zuciya, wani lokaci har tsakuwar ƙoda. Iyakar A kuwa IU 10,000 ce. Yawansa na kawo ciwon kai, yana lahanta hanta. Nan ne hankalina ya fi tashi saboda masu juna biyu, domin yawan bitamin A na iya nakasa jariri tun a ciki. 'Yar'uwa, in an ba ki ƙwaya a wurin awo, kada ki ƙara wata a kanta sai kin tambaya.

Ko B6, da ke narkewa a ruwa, in ya yi yawa yana taɓa jijiyoyi, hannu da ƙafa su riƙa sagewa. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe kuma guba ce ga yaro in ya haɗiye da yawa, don haka a ajiye ta inda hannunsa ba zai kai ba.

Aikin gida: ku tattaro duk abin da kuke sha, ku rubuta adadin D na kowace kwalba a littafinku, ku haɗa jimilla. Misali, 1,000 da 400 da 3,000 nawa ke nan? Sun wuce iyaka ko ba su wuce ba? Ranar zuwa asibiti ku tafi da kwalaben da lissafin, ku nuna wa likita.