Kurakuran da ke hana ƙwayoyi masu faci jera kansu

Duk wanda ya shiga aikin ƙwayoyin koloid masu faci, wato ƙananan ƙwallayen silika ko polistirin ɗin nan da girmansu kan kai wajen maikiron ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), waɗanda ake sa musu abin manni a wasu gurabe kawai, so yake ya zuba su a ruwa su jera kansu. Amma sau tari in ka leƙa maikuroskof curi-curi za ka gani, ba kai ba gindi.

Babban kuskuren shi ne a sa mannin ya yi ƙarfi da yawa. Mutane na ganin ai in faci ya kama gam tsarin zai fi kyau, to ba haka bane. Ƙwayar nan ruwa ne ke ta jijjiga ta tana yawo barkatai, haɗuwarta ta farko da 'yar'uwarta yawanci ba a inda ya dace take mannewa ba, to in ba za ta iya saki ta sake gwadawa ba shikenan ta maƙale a karkace, duk wadda ta zo bayanta kuma kan karkatar za ta ɗora. Kamun da ake so shi ne wanda zai riƙe amma jijjigar ruwan na iya ɓalle shi lokaci-lokaci.

A nan gishiri ya shigo. A 2011 Qian Chen da Steve Granick da abokin aikinsu a Jami'ar Ilinoi ta Amurka sun sa wa ƙwallayen polistirin faci biyu na zinare mai ƙin ruwa, wanda ke manne wa ɗan'uwansa a cikin ruwa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, tsakiya kuma aka bar cajin lantarkin ƙwayar yana tunkuɗe na kusa. Da suka kwanta a ƙasan ruwa aka sa gishiri ɗan kaɗan sai suka jeru a tsarin kagome, irin saƙar kwandon Jafanawa mai kusurwa uku da shida. Kalmar kaɗan ɗin nan ita mutane ke tsallakewa. Gishiri rage nisan tunkuɗar cajin yake, a milimola 1 (ma'aunin yawan gishiri a ruwa) tana kaiwa wajen nanomita 10 (nanomita dubu ne maikiron ɗaya), a milimola 100 kuwa ta koma wajen nanomita 1, har tsakiyar ƙwayar ma sai ta fara mannewa, amfanin facin ya tashi a banza kenan. Ka fara da ruwa tas, ka dinga ƙarawa sannu-sannu kana dubawa. Masu amfani da DNA a matsayin manni, irin ayyukan su David Pine a Jami'ar Niyok, nasu gaggawar a zafi take, in ka sanyaya da sauri ka wuce inda zaren DNA ɗin ke fara kamawa to curi za ka samu, sai dai ka sake ɗumamawa ka sauko a hankali na awoyi.

Sai girman facin. A kagome kowane faci maƙwabta biyu yake ɗauka, huɗu kenan duka. In ya yi ƙanƙanta ɗaya zai ɗauka ka samu sarƙa, in ya faɗaɗa kuma ya ɗau fiye da biyu tsarin ya canza. Abinda da yawa ba sa lura da shi, lokacin da aka shimfiɗa ƙwayoyin a kan gilas ana feso musu zinaren a kaikaice don yin facin, inuwar maƙwabta ce ke yanke iyakar facin, saboda haka in shimfiɗar ƙwayoyin a kan gilas ɗin ba ta jeru tsaf ba, kowace da irin facinta za ta fito. Kar a manta da siririn shafin ƙarfen titaniyom ko kuromiyom a ƙarƙashin zinaren, zinare ba ya kama silika shi kaɗai.

Ƙwayoyin su zama kusan girma ɗaya, bambancin ya tsaya ƙasa da kashi 5 cikin 100 in da hali.

Don Allah kuma a daina busar da samfuri a ɗau hoto da maikuroskof na lantarki a ce ga tsari ya fito. Ruwa in yana bushewa janyo ƙwayoyin yake ya matse su wuri ɗaya, ko marasa faci ma za su jeru su yi kyau. Ka ɗauki bidiyo suna cikin ruwan, kuma ka ajiye na marasa faci a gefe don kwatantawa.