BABI NA 7: Kacapuri, Burodin Cuku na Ƙasar Jojiya

Darasi na 1: Sunan da ƙasarsa

Sannunku da ƙoƙari, iyaye da 'yan'uwa. Mu fara da sunan. Ku karanta shi gaɓa-gaɓa: ka-ca-pu-ri. A harshen mutanen Jojiya, kashin farko na kalmar ya fito daga sunan cuku ɗanye, "puri" kuwa burodi ke nan. Jojiya ƙasa ce mai duwatsu a gaɓar Baƙin Teku, Rasha na arewa da ita, Turkiyya na kudu, babban birninta Tibilisi. Ba jihar Jojiya ta Amurka ba ce, kada a haɗa. A shekarar 2019 mutanen ƙasar Jojiya suka sa wannan burodi cikin jerin al'adunsu na gado, kuma kowane yanki da irin nasa. Za mu fara da na yankin Imereti: zagayayye, mai faɗi kamar gurasa, cukun a ɓoye a ciki.

Darasi na 2: Kayan haɗi da kwaɓi

Idan na rubuta "kofi", ina nufin kofin shayi babba. Da kofin da kuka auna fulawa, da shi za ku auna madara. Fulawa kofi 3, madara mai ɗumi kofi 1, yis ƙaramin cokali 2, sukari ƙaramin cokali 1, gishiri ƙaramin cokali 1, man gyaɗa babban cokali 2. Ƙaramin cokali shi ne na shayi, babba shi ne na cin abinci. Sai cuku giram 500, wato rabin kilo, da ƙwai 1.

Su can suna amfani da cukun Imereti, wani lokaci da wani mai suna sulguni. Wanda bai samu ba sai ya haɗa cukun mozarela da cukun feta, rabi da rabi. Warar madarar shanu ba ta narkewa, saboda haka in da ita za ku yi, ku gauraya ta da mozarela, ku ƙara ɗan gishiri. Wara na ce, ba awarar waken suya ba. Bara wata baiwar Allah ta zo mana da awara cike da roba, muka sha dariya, muka soya ta muka ci, darasi ya koma washegari.

Ku sa ɗan yatsa a madarar. In ta ƙona ku, za ta kashe yis. Ku zuba yis da sukari, ku jira minti 10 har ya yi kumfa, sannan ku haɗa da fulawa, gishiri da mai. Ku murza minti 10 har kwaɓin ya daina kama hannu. Ku rufe shi ya tashi, kamar awa 1. Ku goge cukun ko ku marmasa shi, ku fasa ƙwan a ciki, ku juya. Ku raba kwaɓi 2, cuku 2.

Darasi na 3: Rufe baki

A nan kowa ke tuntuɓe, don haka za mu daɗe. Kada ranku ya ɓaci, ni ma sau uku nawa ya fashe kafin hannuna ya gane.

Ku barbaɗa fulawa a kan faranti. Ku faɗaɗa kwaɓi ɗaya ya kai faɗin faifai ƙarami, tsakiyarsa ta fi gefe kauri. Ku dunƙule cuku kamar curin fura babba, ku ajiye shi a tsakiya. A tsakiya, ba a gefe ba. Yanzu ku ɗago gefen kwaɓin zuwa sama, kaɗan-kaɗan, kuna zagayawa, yadda ake tattara bakin buhu kafin a ɗaure. Idan duk gefen ya haɗu a sama, ku tsuke shi da yatsu, ku matse sosai. Ku duba. Kuna ganin fari-farin cuku? To bai rufu ba. Ku sake matsewa.

Bari in maimaita. A ɗago, a tattara, a matse, a duba. Hannu ya kasance a bushe. In cuku ko mai ya taɓa bakin kwaɓin, ba zai manne ba ko da kun kwana kuna matsa. Ku goge hannu, ku shafa ɗan fulawa, ku sake.

Sai ku kife shi, ƙullin ya koma ƙasa, ku bar shi ya huta minti 5. Daga nan ku danna da tafin hannu a hankali, daga tsakiya zuwa gefe, kuna juya shi, har ya kai faɗin faranti, kaurinsa kamar ɗan yatsa. Idan ya yage, ku tsinko ɗan kwaɓi ku liƙe wurin. Ba abin kunya ba ne.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, zan faɗa. Ajin da ya wuce, na bayyana wannan sau huɗu a allo, na nuna da hannuna. Ina juya baya, sai ga wasu sun ɗauko kwalba suna murza shi da ƙarfi kamar masu yin cincin. Cukun ya ɓulle ta ƙasa, ya ƙone a kasko, aji ya turnuƙe da hayaƙi, rabin kilo na cuku mai tsada ya tafi a banza. Aka ce wai yis ne ba shi da kyau. Yis bai yi laifin komai ba, gaggawa ce. Haba, Hajiya! Ke da kike ƙulle alala ɗari ba ko ɗaya ya zube? Wanda bai rufe baki da kyau ba kada ya wuce zuwa Darasi na 4. A ɗago, a tattara, a matse, a duba. Ku rubuta kalmomin nan huɗu a littafinku, sau 3.

Darasi na 4: Gashi

Ku huda ƙaramar ƙofa a tsakiya ta sama don tururi ya fita. Mai oben ya sa lamba 220, wato digiri ɗari biyu da ashirin a ma'aunin Selsiyos, minti 15 zuwa 20, har ya yi ja. Mai kasko ya gasa ba mai, a wuta kaɗan, a rufe, kowane gefe kamar minti 6. A ƙauyukan Jojiya ma a kaskon ƙasa suke gasa shi, suna kiransa ketsi. Yana sauka ku shafe shi da man shanu, a ci da zafi.

Darasi na 5: Na Ajara

Wannan na yankin birnin Batumi ne, a bakin teku. Siffar kwale-kwale ake yi masa, cuku a buɗe. Idan ya kusa gasuwa a sa ƙwai a tsakiya, a mayar minti 2 ko 3, a ɗora man shanu. Ana gutsurar gefe ana dangwala.

Darasi na 6: Na Samegrelo

Kamar na Imereti ne, sai dai a ƙara cuku a sama.

Aikin gida: ku karanta Darasi na 3 da ƙarfi, ku zo da kwaɓi ranar Laraba.