Darasi na 9: Barin Gida da Dabbobi a Hannun Wani

Mai shirin tafiya, ko aikin Hajji ne, ko biki a Maraɗi, ko fatauci zuwa Legas, yakan haɗa kayansa tun saura mako guda. Amma magen da ke tsakar gida, da tantabarun kan soro, da akuyar da ke turke, sai ranar tafiya ake tunawa da su. A bakin ƙofa ake ce wa ƙane, "Ka riƙa duba min su." Wannan maganar ba ta isa ba, balle a birni mai zafi irin Kano.

Ka kira wanda zai tsare maka gida tun saura kwana biyu. Ya kwana a gidan, ya ga yadda kake yi da idonsa, dabbobin kuma su saba da shi. Karanta wannan hira:

"Yaya, sau nawa ake ba akuyar nan dusa?"

"Sau biyu, safe da yamma, cikin wannan gwangwanin. Harawa tana rumfa."

"In ta yi kuka in ƙara mata gero?"

"A'a, ƙanena. Hatsi in ya yi mata yawa cikinta zai kumbura, har ta iya mutuwa."

Abin da ya fi abinci muhimmanci shi ne ruwa. A bazara, musamman watan Afrilu, zafin Kano yakan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. Kaza ba ta yin gumi. In ka ga ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, zafi ne ya dame ta. Ruwan da aka zuba da safe a kwanon ƙarfe aka bari a rana, kafin azahar ya yi zafin da dabba ba za ta sha ba. A zuba a kasko, a ajiye a inuwa, a sake da rana. A kula kuma, inuwa tana tafiya: turken da ke ƙarƙashin darbejiya da hantsi yana iya zama cikin rana tsaka da la'asar. Kullum a zubar da tsohon ruwa a wanke kaskon, domin ƙwan sauro yakan zama sauro cikin kamar kwana 7 zuwa 10 a ruwan da ya kwanta.

A tsince leda daga tsakar gida. Akuya tana cin ta, cikinta kuma ba ya narkar da ita; sai ka ga tana ramewa alhali tana cin abinci.

Ina so in tsaya a kan mage, domin ita aka fi mantawa. Mutane sukan ce ai za ta kama ɓera. To in an kulle ta a ɗaki fa? Mun sani ya zo a hadisi cewa wata mata ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Kafin ka rufe kowane ɗaki, ka leƙa ƙarƙashin gado. Kada mai tsaro ya zuba maganin ɓera inda za ta kai. In ba ta da lafiya, kada ya ba ta maganin mutane: farasitamol guba ne ga mage. Likitan dabbobi za a nema.

In akwai kare, a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka kafin tafiya. In ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Gidan kansa ba wuya. A rufe tukunyar gas, a kwashe nama daga firji saboda ɗaukewar wuta. In damina ce, a share indararo da kwata, don a watan Agusta ruwa ya fi ƙarfi, kuma katangar ƙasa ba ta jure ruwan da ya taru a gindinta. A sanar da maƙwabci wanda aka bari a gidan. A bar wa mai tsaron kuɗin dusa da na magani a hannu, kada a sa shi cin bashi.

Duk wannan ba zai zauna a kan mutum ɗaya ba. A nan karatunmu zai yi amfani. Ka rubuta takarda da manyan baƙaƙe, ka manna a bayan ƙofa.

Aiki

Kwafi waɗannan kalmomi a littafinka: ruwa, inuwa, dusa, mage, turke, amana.

Akuya tana cin gwangwani 2 na dusa kullum. Za ka yi kwana 30 a tafiya. Gwangwani nawa za ka tanada?

Rubuta takardar gidanka: kowace dabba, abin da take ci, lokacin ba ta ruwa, da lambar wayar da za a kira in wani abu ya faru. Ka ba na kusa da kai ya karanta da ƙarfi. Inda ya tsaya yana tambayarka, nan za ka gyara.