Yadda Kamfanin Manhaja Zai Riƙe Amanar Masu Taya Shi Rubuta Kod

Ɗora kod a GitHub, shafin da ake ajiye kod ɗin manhaja a buɗe don jama'a su gani su taya gyara, kowa ya iya, ba zan tsaya a kai ba. Sababbin kamfanoni sun fi tuntuɓe bayan 'yan sa-kai sun fara kawo gyara.

Da farko ku rubuta ƙarara wane ɓangare ne zai ci gaba da zama kyauta, wanne ne na sayarwa. Babu mai ganin laifinku don kun nemi kuɗi. Abin da ke ƙona rai shi ne a wayi gari an kulle abin da jiya yake a buɗe.

Sai takardar da kuke sa mai gudummawa ya sa wa hannu, kuma a nan ake yawan ɓata rawa da tsalle. Lauyoyi za su miƙo muku CLA, wato yarjejeniyar lasisin mai gudummawa, wadda sau da yawa take ba kamfani ikon sauya lasisin aikin da wani ya kwana yana rubutawa ba a biya shi ba. Ku ƙi ta. Ku ɗauki DCO, tsarin da Linux ke bi tun 2004: mutum ya ƙara layi ɗaya da sunansa a ƙasan gyaransa, yana shaida cewa yana da ikon bayar da shi, haƙƙin mallaka kuma yana hannunsa. Ya fi arha ma, babu takardun da za a adana. Sai dai idan lasisinku mai sassauci ne irin BSD, wanda ya bar kowa ya ɗauki kod ya kulle nasa kwafin, DCO ba ta ɗaure muku hannu ba, don haka ku ƙara da alkawari a rubuce cewa ba za ku kulle aikin ba.

Masu gudummawa suna da hujjar tsoro. A Agustan 2023 kamfanin HashiCorp ya cire manhajarsa ta Terraform daga buɗaɗɗen lasisin MPL, cikin 'yan makonni mutane suka ɓalle da kwafinsu, OpenTofu, suka kai shi ƙarƙashin gidauniyar Linux Foundation. Kamfanin Redis ya yi irin haka a Maris 2024, aka ɓalle da kwafi mai suna Valkey. A 2025 Redis ya dawo da buɗaɗɗen lasisi, amma Valkey bai rufe ba.

Idan canji ya zama dole, ku sanar tun da wuri, da dalili, da wa'adin da za a iya shiri a cikinsa. A Disamban 2020 kamfanin Red Hat ya rage wa'adin tallafin tsarin kwamfuta na CentOS 8 daga 2029 zuwa ƙarshen 2021, bayan mutane sun riga sun kwashe sabobinsu, wato manyan kwamfutocinsu, sun koma kansa. Daga nan Rocky Linux da AlmaLinux suka fito don maye gurbinsa.

Sauran ba su da wuya. Manyan shawarwari a rubuta su a fili kafin a yanke, kamar yadda masu yaren kod na Python ke yi da takardunsu na shawara da ake kira PEP. Gyaran da aka aiko a amsa shi cikin mako, ko da “a'a” ce. A ba wani daga waje ikon amincewa da gyara. Sunan aikin ma a fayyace na wa ne, don rigimar suna da kamfanin Oracle ce ta sa aikin Hudson ya koma Jenkins a 2011.