Mai wufa a falo, duba saiti kafin ka kai gyara

Salamu alaikum 'yan uwa. Idan wufarka (sifikar da ke fitar da sauti mai kauri) na ta ruri ba daɗin ji, kada ka yi saurin ɗaukarta zuwa Kasuwar Gumi ta Kaduna, sau da yawa lafiyarta ƙalau.

Fara da kurosoba, wato iyakar da ke raba sauti tsakanin wufa da sauran sifikoki. A amfilifaya ka sa 80 Hz (Hz awon kaurin sauti ne, ƙaramar lamba ta fi kauri), ma'aunin kamfanin THX mai tsara ƙa'idar sautin silima ke nan, sifikoki kuma ka ajiye su a Small ko da manya ne. Makunnin kurosoba na bayan wufar kuwa murɗa shi har lamba mafi girma, ko ka jona wayar a ramin bayan wufar da aka rubuta wa LFE, don kada a tace sautin sau biyu.

Amma babban mai laifin ɗaki ne. Falona a Tudun Wada mita 4 ne, ƙasa tayil, bango siminti, sai sautin wajen 43 Hz ya riƙa kumbura har kwanukan Hajiya na kaɗawa a kabad. Sai na ɗora wufar kan kujerar da nake zama, na kunna kiɗa mai ganga, na bi gefen bango da rarrafe (yara na ta dariya) har na ji inda sautin ya fito tsaf. Nan na ajiye ta.

Wajen ikwalaiza, wato saitin ƙara ko rage ƙarfin kowane ɓangaren sauti, rage inda ya kumbura kawai. Inda sauti ya nutse kada ka ƙara, wahalar da wufar za ka yi a banza. Gwada juya makunnin Phase na bayan wufar daga 0 zuwa 180, ko ka ɗan matsar da kujera daga jikin bango.