In tsohon akwatin gem ɗinka yana ta risetin, auna 5V kafin ka zargi bod

Masu gidan gem a Gusau da Kaura Namoda da suka sayi tsofaffin akwatunan nan na tsaye, waɗanda aka cire musu bod na asali, wato farantin lantarkin da gem ɗin ke ciki, aka dasa wani, kukansu kusan ɗaya ne: yaro na tsakiyar wasa sai allo ya yi baƙi, gem ya koma farko, ko kuma ya yi ta tashi yana mutuwa bai ma kai ga nuna suna ba. Sai kaji ance bod ya ƙone. Wallahi mafi yawan lokaci bod lafiyarsa ƙalau, wuta ce bata isa gare shi yadda ya kamata.

Kafin komai cire filogi daga bango, kuma in mai tsohuwar talabijin ce mai ƙeya kada hannunka ya je wajen jar wayar nan mai roba da ta manne a jikin kwalba, tana riƙe wuta mai kisa ko bayan an kashe. Wanga ba wurin gwaji bane, a bar wa mai gyaran talabijin.

To, yawancin akwatunan da aka sauya an mayar dasu tsarin JAMMA ne, wanda masu ƙera injinan wasa na Japan suka fito dashi a 1985, soket mai haƙora 56, 28 kowane gefe. A kowane gefe haƙori na 1 da 2 sune GND, wato negatif, 3 da 4 sune +5V, na 5 shine -5V, na 6 kuma +12V. Ɗauko mitarka ta auna wuta ka sa ta a DC, ka kunna akwati, ka auna tsakanin 1 da 3 a jikin bod ɗin kansa, ba a bakin fawa saflai, wato na'urar da ke ba bod wuta, ba. Nan ne mutane ke yaudarar kansu, saboda a bakin fawa zaka ga 5.1 ka ce ai komai daidai, alhali kafin wutar ta ratsa siririyar waya da tsatsar soket ta iso bod ta koma 4.6. Irin waɗannan tsofaffin ayisi, wato ƴan baƙaƙen abubuwan nan masu ƙafafu da yawa da ke kan bod, basa son ƙasa da 4.75 kuma basa son sama da 5.25. Da ta yi ƙasa sai furosesa ya rikice, kuma akwai wani ɗan sashe a bod da aikinsa kawai gadi ne, in ya ga furogiram ya daina amsa mishi sai ya yi risetin, shine kake ganin gem yana ta zagaye wuri ɗaya.

Fawa saflai na da ɗan maɓallin juyawa na ƙara 5V. Ka juya a hankali idonka na kan mita har ta zauna wajen 5.05 zuwa 5.1 a bod. Amma in tazarar da ke tsakanin fawa da bod ta kai kamar rabin volt, don Allah kada ka murɗa, gyara hanyar. Don ranar da soket ɗin ya kama da kyau duk wutar da ka ƙara zata afka wa bod gaba ɗaya. Zare soket ɗin ka duba haƙoran, in ka ga na 5V ko na GND sun yi baƙi ko robar ta yi ruwan ƙasa kamar an ɗosana mata garwashi, to zafi ya ci wurin. Goge haƙoran bod da kilinar fensir sannan da sifirit, soket kuma in ya saki a canja shi kawai. Kuma a tabbata duka haƙoran 5V huɗu da na GND an ja musu waya mai kauri, masu sauya akwati da yawa waya ɗaya tak suke ja don ganda, wani ma murɗe ta zai yi ya naɗe da salatif babu dalma.

In kuma risetin ɗin sai an jefa kwabo yake faruwa, duba ƴar mitar ƙirga kuɗi da ke bayan ƙofa. Koyil ne a cikinta, duk sanda ta buga tana mayar da wuta baya, sai da diyod irin 1N4004 a gicciye a kanta. Cire mata waya ka gwada, in ya daina ka gano ɓarawon.

Lokacin hunturu akwai wata kuma, iska ta bushe, yaro na taɓa ƙofar kwabo ko ƙarfen sandar wasa sai tas, gem ya mutu. Wannan rashin wayar ƙasa ne, yawanci an yanke ƙafa ta uku ta filogi ko gidan ma ba'a ja mishi ba. A haɗa ƙofa da farantin sanduna da jikin fawa da koriyar waya zuwa ƙasa ta gaske. Ƙurar ma a hure ta, tana toshe fanka, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, kwandensa na fawa su kumbura. Fawar da kwandensanta suka gaji mita zata nuna maka 5V amma wutar bata da tsabta, in kana da wata ka musanya ka gani, yafi sauri.

Batun wutar gari, mu 230 muke, akwatin Japan 100 ne na Amurka 120, to duba sawic ɗin 110 da 220 na jikin fawa kafin ka taɓa sawa a bango, kuma kada ka tsallake taransifomar da ke ba tsohuwar talabijin wuta, tana raba ta da layin gari ne. In a janareta ɗaya kuke da mai firiza, duk sanda kwamfuresa ta tashi gem zai iya faɗuwa, sitabilaiza ko raba layi.

Maɓallai in sun mutu a jere, baƙar wayar da ke bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya ce ta tsinke, nemi na farko da ya mutu, nan take. In kuma ɗan wasa na tafiya gefe ɗaya shi kaɗai, an sa waya a ƙafar sawic ɗin sanda mai alamar NC, wadda ke haɗe ko ba'a danna ba, maimakon NO, wadda sai an danna take haɗewa. Street Fighter II kuwa in naushi na yi ƙafa bata yi, ba lalacewa bace, JAMMA maɓalli 3 ya tanada wa kowane ɗan wasa, na shurin sai an ja musu tasu wayar daban daga bod.

Sai duk wannan ya wuce, 5V ta zauna daram kuma har yanzu yana risetin, sannan ka kashe wuta ka danna ayisin da ke cikin soket ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, wanda yayi sako-sako ka ɗaga shi a hankali ka goge ƙafafun ka mayar yadda tsagar kansa take fuskanta.